Jirgina Bai Sha Ruwa Ba, Ni Na Sha

Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, kuma iyakacin ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan gidanmu, wanda Hajiya ta yi min iyaka da shi da tsumagiya tun kafin a sa ni a aji ɗaya. Aikin koyarwa ne ya kawo ni Haɗeja, yau shekara 11 ke nan. Na ci kifin garin nan ba na wasa ba, soyayye da banda da farfesu, amma ko 'yar karfasa ɗaya ban taɓa kamawa da hannuna ba.

Daga asibiti abin ya faro. Likita ya ɗaura min abin awon jini a dantse, ya dubi lambar, ya dube ni, ya ce in rage gishiri, in rage tunani, in riƙa motsa jiki. Gishiri ba a hannuna yake ba. Tunani kuwa sai ranar da buhun shinkafa ya sauko. Saura motsa jiki. A daren ina kwance ina latsa waya sai Facebook, wanda ya fi boka sanin abin da ke zuciyar mutum, ya jefo min bidiyon wani Bature tsoho da ɗan jirginsa a bakin wani tafki can cikin daji. Ya sa filas ɗin shayi a ciki, ya gyara malafa, ya tura jirgin da ƙafa ɗaya, ya ɗale, ya tafi abinsa. Ruwa kwance luf kamar an shimfiɗa darduma. Sau 7 na maimaita kallon, ban ga inda wahalar take ba.

Da safe na kawo wa uwargida maganar, har da takardar lissafi: kuɗin kifin da muke saya a mako, sau 52. Ta karanta tsaf, ta ninke takardar, ta miƙo min.

"Malam, kai da in an yi ruwa da dare sai ka tashe ni in duba ko ya shigo ɗaki?"

Na ce wancan daban, wannan daban.

Masinjan makarantarmu ne ya samo min kwalekwalen. Na gado ne, mai shi ya rasu, 'ya'yan sun koma achaɓa, an kife shi a gindin darbejiya damina biyu kaji suna saka ƙwai a ƙarƙashi. Na katako ne, irin wanda ake jera falankai a buga da ƙusa, an yi masa faci da langa-langa wuri uku. Da muka ɗaga shi na hango hasken rana siri-siri ta tsakanin katakan. Na nuna wa masinja, ya ce ai fenti zai rufe. Aka yi masa kore hawa biyu. Mai fentin ya tambayi sunan da za a rubuta a jiki, irin yadda ake yi wa manyan motoci, na ce ya rubuta "Ikon Allah Sai Kallo". Da bakina na zaɓa, babu wanda ya tilasta ni.

Kuskuren da na yi shi ne gaya wa Hajiya a waya. Tun hatsarin jirgin Bagwai na 2021, wanda ya ci yara 'yan Islamiyya a ruwan Watari, ba ta ƙaunar jin kalmar kwalekwale, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ba ta yafe ba in na shiga babu rigar ruwa. Na zaga na tambaya, wanda ya ce zai sa a kawo min daga Kano ya faɗi kuɗin da ya kusa rabin na jirgin. Uwargida ta ce a bar mata wannan. Ta wanke galan biyu na mangyaɗa masu lita 10, ta toshe bakinsu da leda, ta haɗa min da igiyar guga. Ta ce amana ce, in dawo mata da kayanta.

Ranar Asabar ce cikin Disamba, hunturu ya sauka sosai. Bayan asuba muka ɗora jirgi a akori-kura, ni da ɗan ƙanwata da ke zaune a wajena yana karatu, muka nufi gabas wajen Kirikasamma. An ce min can yankin Baturiya akwai wani tafki a bayan wani ƙauye, babu hayaniya, kifi kuwa sai wanda ka zaɓa. Kwalta ta ƙare, burji ya ƙare, muka shiga yashi. Direba ya kashe mota ya ce daga nan kuma sai dai amalanke, shi bai yi alkawarin binne motar mutane ba. Muka samu amalanken shanu. Jirgin ya fi amalanken tsawo nesa ba kusa ba, gindinsa na jan ƙasa yana zana layi, yara na biye da layin. Da muka wuce ƙauyen ƙasa ta fara laushi, mai amalanke shi ma ya ce bajimansa ba za su ƙara taku ɗaya ba. Sai majiya ƙarfi shida suka saɓa shi a kafaɗa, uku dama uku hagu, ni ina baya da hula a hannu saboda iska.

Dogon abu kore, a kafaɗar maza shida, ana tafiya a hankali, ga mutum a baya kansa a sunkuye yana kallon inda zai taka. Wani dattijo da ke sassabe ya ajiye gatari, ya karkaɗe hannu, ya biyo sahu. Sai da ya jera da ni ya yi ƙasa da murya.

"Allahu akbar. Wa aka rasa?"

Na ce ba kowa, Baba, jirgi ne. Ya dubi jirgin, ya dube ni tun daga takalmi sau-ciki har agogo, bai koma sassabensa ba. Ya ci gaba da binmu.

Tafkin kam gaskiya ya yi kyau, ba a yi min ƙarya ba. Goruba da gabaruwa sun kewaye shi, ganyen bado ya rufe gefe guda, hazo na kwance a kan ruwa. Tsuntsaye kuwa ban san adadin irinsu ba: kirinjijiya da dinya da zalɓe, ga wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da aka ce min baƙi ne, daga Turai suke tasowa duk shekara su yi hunturu a nan. Abin da babu shi ne wurin shiga. A bidiyon Bature akwai wani ɗan dandamali na katako da ya miƙe cikin ruwa. Nan kuwa kachalla ce ta yi katanga, ta fi tsawon mutum, sai wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sare a tsakiyarta, gabanta kuma taɓo baƙi ƙirin da shanu suka gama tattakewa. Sabis ma babu. Wani saurayi ya nuna min wani suri can gefe, ya ce duk mai son kira nan yake hawa ya ɗaga wayar sama.

A gindin wata goruba muka tarar da Sarkin Ruwa yana ɗinkin kalli, wato ragar kamun kifi. Siririn tsoho ne, hannuwansa duk kanta. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, na ajiye goro. Na tambaye shi wannan ciyawa da ta cinye bakin ruwa, sai ya ce da ba haka take ba. Suna yara, kogi kan kawo da damina ya malale fadamu, rani na yi ya janye, ƙasa ta bushe ta tsage, duk wata ciyawa ta mutu. Da aka datse ruwan a sama aka koma sako shi kaɗan-kaɗan har cikin rani saboda masu noman rani, sai ƙasa ta daina bushewa, kachalla ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana jirgi wucewa, tsuntsayen jan-baki kuma suka mai da ita gidan kwana, daga nan suke tashi su far wa shinkafa da gero.

Nan malantata ta motsa. Na ce ƙwarai kuwa ranka ya daɗe, dam ɗin Tiga ke nan da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, sai na Challawa a 1992. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Malam ya san shekarun. To madalla. Mu ruwan muka sani."

Ya tashi ya zagaya jirgina sau ɗaya. Ya ƙwanƙwasa gefe da bayan yatsa, ya kasa kunne kamar mai sayen kankana. Sannan ya tsinko wani siririn tsinke a ƙasa, ya ɗora a kan layin da katako biyu suka haɗu, ya ɗan danna. Tsinken ya huda fentina hawa biyu, ya leƙo ta ciki.

"Yaushe rabonsa da ruwa?"

Na ce damina biyu, amma a inuwa yake.

"To bai sha ba. Katako in ya bushe tsukewa yake, ya bar ƙofa tsakaninsa da ɗan'uwansa. Sai an nutsar da shi a gefe, a danne shi, ya kwana uku yana sha har ya kumbura ya matse. Sannan a fito da shi a bi layukan da auduga, a bi da kwalta mai zafi. Bayan nan ne ake kiransa jirgi. Yanzu dai akwati ne."

Ni a raina na ce wato in sayi jirgi, in biya fenti, in biya mota, in biya shanu, in biya mutum shida, don in zo in nutsar da shi da hannuna. Ga shi Litinin za mu fara jarabawa. Na ce Baba ai zagaye ɗaya kawai zan yi, ba nisa, kuma an yi masa fenti mai kyau.

"Fenti ado ne," in ji shi. Ya koma gindin gorubarsa, ya gyara zama ya fuskanci ruwa, ya ajiye ɗinkin a gefe. "Allah ya tsare."

Kafin nan mutanen ƙauyen sun hallara. Mata masu wanki sun bar wanki, wani Bafillace ya tsai da shanunsa ya rataya hannu a sanda, mai rake ma ya iso da baro. Na naɗe wando, ɗan ƙanwata ya ɗaura min galan biyu a ƙugu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya ja igiyar ya ƙulle tamau kamar yadda aka umarce shi daga gida. Taku na farko cikin taɓo, takalmin dama ya tafi. Taku na uku na hagu ya bi shi. Sanyin ruwan ya hau min tun daga tafin ƙafa har haƙori.

Aka ja jirgi zuwa bakin 'yar hanyar nan. Na sa filas a ciki, na sa fatsa da gwangwanin tana. Na ce kowa ya matsa, ni zan tura da kaina. Na ɗora ƙafar dama a ciki, na tokare ta hagu a ƙasa, na yi bisimilla na tura da ƙarfi, daidai yadda na gani sau 7.

Jirgi ya tafi da ƙafar dama. Ta hagu kuwa taɓo ya ce ba inda za ta. Ban taɓa sanin ƙafafun ɗan Adam na iya nisa da juna haka ba. Na ji wandona ya yi wata ƙara tun daga gaba har baya, na saki jirgin, na zauna daɓas. Galan biyu suka yi ƙara a gefena. "Ikon Allah Sai Kallo" ya sulale shi kaɗai ta cikin kachalla da shayina a ciki, cikin natsuwa, kamar dai na Baturen.

Babu wanda ya yi dariya, wannan ne ma ya fi ciwo. Sannu kawai ake ta yi min ta ko'ina. Wani yaro da bai wuce shekara 8 ba ya ɗauko gorar su, irin ƙaton duman nan da masunta ke kifa ciki a kai, ya faɗa ruwa yana iyo da hannu da ƙafa, ya kamo jirgin ya jawo shi da hannu ɗaya.

Karo na biyu na yarda a taimaka. Na shiga tun yana kan taɓo na zauna, ɗan ƙanwata ya zauna a gaba, matasa huɗu suka tura. Nauyina ya dasa shi a ƙasa, sai da suka yi ta jijjiga shi suna "hai, hai" kafin ya saki. Muka ratsa kachalla tana shafar fuskokinmu, muka fito fili. Wallahi na minti ɗaya ko biyu na ji abin da na zo nema. Shiru, iska mai sanyi, ruwa na ɗan lasar gefen jirgi. Na ce wa yaron, ka gani ko? Ya ce, "Na gani, Kawu," hannuwansa biyu damƙe da katako.

Na ɗauki filafili na fara tuƙi ta dama, don ni ba bahago ba ne. Na ja, na ja, na ja, na ɗago kai sai ga jama'a a gabana. Na ɗauka wani ƙauyen ne. Na ƙara himma, kachalla ta wuce, fili ya wuce, bado ya wuce, sai ga jama'a kuma. A zagaye na uku mai rake ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da dawowa, Malam!" Daga gindin goruba aka ɗaga murya aka ce in riƙa sauya hannu. Na sauya, muka fara zagayawa ta ɗaya ɓangaren.

"Kawu, ina jin filas ɗinka ya fashe."

Na duba. Filas lafiya lau, yana ma yawo ne a kan ruwan da ya rufe min idon sawu. Ta kowane layi ruwa ke tsartuwa, siri-siri, daidai wuraren da na ga hasken rana a gindin darbejiya. Fentin ya ɗago yana yawo kamar ɓawon albasa. Tana suka fito daga gwangwani suka bazu. Na ce ya kwashe da murfin filas, ya fara, yana zubar da kofi ɗaya bokiti na shigowa. Na ce kada ya tsorata. Ya ce shi bai tsorata ba, ya iya ruwa, a Wudil ya yi firamare. Sai a lokacin na gane a cikin jirgin nan mutum ɗaya ne bai iya ba.

Muna haka gefen jirgin ya goga kachalla, wani garken kirinjijiya da ke ɓoye ya tashi gaba ɗaya, fuka-fuki da fito a kan fuskata. Na miƙe tsaye zumbur. Ko a bidiyon ban ga Bature ya miƙe ba, yanzu na san dalili.

Abin da uwargida ba ta lissafa ba, ni ma da takardar lissafina ban lissafa ba, shi ne galan ba ruwansa da wane ɓangare na mutum ya fi bukatar iska. Inda aka ɗaura shi nan yake ɗagawa. A ƙugu aka ɗaura, ƙugu ya ɗaga. Kaina ya yi ƙasa, yagaggen wando ya yi sama yana fuskantar jama'ar ƙauye da matan wanki da Bafillace da shanunsa. Na buɗe baki zan yi kalmar shahada, ruwa ya riga ta. Na ɗago na shaƙi iska, galan suka mai da ni. Na tuna Hajiya, na tuna bashin mai shago, na tuna ban gama makin aikin aji uku ba. Na sake ɗagowa na ƙwala ihu a kawo ɗauki.

Sai na ji ƙaramin hannu ya kama min wuyan riga. Yaron gorar nan ne. Ba a kan gorar yake ba ma, a tsaye yake, ruwa iya haɓarsa.

"Malam, ka miƙe mana."

Ya zare ƙullin igiyar, galan ɗaya ya yi nasa wuri. Na sauke ƙafa, na ji ƙasa. Na miƙe. Ruwan ya ɗan wuce cibiyata. Ɗan ƙanwata na tsaye can gefe riƙe da filas a sama, ko hularsa ba ta jiƙe ba. Jirgin kuwa ya kwanta a ƙasa tsakaninmu, ba a ganin komai sai bakinsa da rabin rubutun: "Sai Kallo".

A nan ne fa aka saki dariyar da aka riƙe tun ɗazu. Har dattijon da ya biyo gawa sai da ya zauna a ƙasa.

Da na fito aka hura min wuta da karan dawa, wani ya ara min zane na ɗaura. Ina karkarwa wata tsohuwa ta nuna ƙwaurina ta ce, "Ɗan nan, ka yi baƙi." Matsattsaku ne guda huɗu, sun sha sun yi bul-bul. Na kai hannu zan fizge ta buge hannun, ta aika aka kawo gishiri, ta barbaɗa musu, suka dunƙule suka faɗo ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina ga gishirin da likita ya hana, ta waje ya shigo. Wani ma'aikacin lafiya na sha-ka-tafi da ke cikin 'yan kallo ya matso ya ce in na ga fitsari ya sauya launi nan gaba kada in tsaya jiƙe-jiƙe, in je a duba ni, ruwan kwance ba ya rasa tsargiya.

Sarkin Ruwa ya taso a hankali, ya tsaya bakin ruwa ya daɗe yana duban inda jirgin ya kwanta. Ya gyaɗa kai.

"Wurin ya yi daidai. Ko ni na zaɓa, nan zan sa shi." Ya juya ga matasa. "Ku danne shi da buhun ƙasa kada ya taso. Talata sai a fito da shi." Sannan ya dube ni. "Ka ga ai ka yi abin da na ce, Malam. Sai dai ban ce ka raka shi ba."

Ina shirin amsawa na hango saurayin nan a ƙolin suri, ya ɗaga waya sama da hannu biyu, yana jujjuya ta yana neman sabis.

Kafin amalanke ya kai mu inda muka bar mota, bidiyon ya isa Haɗeja. Kafin mu isa Haɗeja ya isa Kano. Wayata da ke aljihun ɗan ƙanwata cikin leda ta nuna kiran Hajiya 14. Uwargida na tarar a tsakar gida da waya a hannu, idanunta sun yi ja, ta ce albasa take yankawa. Babu albasa a wajen. Ranar Litinin na shiga ajin jarabawa, yara suka miƙe gaisuwa, daga can baya wani ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Ruwa." Har yau ban gano ko wane ne ba, amma ina zargin mutum uku.

Jirgin ya sha ruwansa kwana uku, aka cusa auduga, aka bi da kwalta, ni na aika kuɗin. An ce yanzu ko ɗigo ba ya shiga. Jikan Sarkin Ruwa ke fita da shi duba tarkunan kifi, mali da mamari, bisa yarjejeniyar duk wata a aiko min da rabona. Zuwa yanzu an aiko sau biyu: tarwaɗa banda guda biyar a kwali, sai wata gaiwa da uwargida ta ce ba a tukunyarta ba. Ta ɗauko tsohuwar takardar lissafina, ta juya bayanta, ta tara kuɗin jirgi da fenti da mota da amalanke da 'yan dako da kwalta da takalmi da wando, ta raba biyar. Ta ce in ci a hankali, kowace ɗaya ta kusa kuɗin tunkiya.

Galan kuwa ɗaya na dawo da shi. Ɗayan an ce an gan shi cikin kachalla, zalɓe na tsayawa a kai, kuma har yau ana bina.